Darasi na Bakwai: Abincin Tarwada da Yadda Ake Haɗa Shi a Birnin Zariya

Kiwon kifi ya samu gindin zama a birnin Zariya duk da cewa garin ba ya bakin wani babban ruwa, domin kogin Galma da na Kubanni suna ja baya ƙwarai da rani, kuma abin da masunta ke kamawa a cikinsu ba ya isar kasuwannin Sabon Gari da Tudun Wada da ta cikin birni. A cikin ganuwa, inda gidaje suke manne da juna kuma fili yake da wuyar samu, mai kiwo yakan gina tankin siminti ko ya kafa na tampol a gefen tsakar gida ko a wani kango, ya zuba 'ya'yan tarwada ɗari biyar ko dubu, ya riƙa ba su ruwan rijiya ko na burtsatse har tsawon wata huɗu zuwa shida. An fi zaɓen tarwada, wadda masana ke kira Clarias gariepinus, saboda tana da wata gaɓa a saman matatar numfashinta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye daga sarari, don haka tana jure cunkoso da ƙarancin iskar cikin ruwa fiye da karfasa.

Kifin kogi ko na kududdufi yana neman abincinsa da kansa, yana cin ƙwari da tsutsotsi da ƙananan kifaye, amma wanda ke cikin tankin siminti ba shi da komai sai abin da hannun mai shi ya watsa masa, kuma duk abin da ya yi ƙaranci a cikin wannan abinci zai yi ƙaranci a jikinsa. Ƙari a kan haka, abinci shi ne yake cinye wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kiwon, saboda haka riba da faɗuwa a nan suke yankewa. Abin takaici ne ganin yadda mutane da yawa suke kashe jarinsu wajen gina tanki mai kyau, sannan su koma ciyar da kifin da dusa da ragowar tuwo, su wayi gari bayan wata shida da tarwada mai ƙaton kai da siririn jiki wadda ba ta kai rabin kilo ba.

Abin da jikin tarwada yake buƙata

Furotin shi ne sinadarin da ke gina tsoka, kuma tarwada tana buƙatarsa fiye da kaza ko akuya nesa ba kusa ba, domin a asalinta ta fi karkata ga cin nama. Ƙananan 'ya'yan da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba suna buƙatar abincin da furotin ɗinsa ya kai kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, waɗanda suka kai tsawon yatsa kashi 40 zuwa 45, manyan da ake shirin kai wa kasuwa kuwa kashi 35 zuwa 40, yayin da karfasa, wadda ta fi karkata ga tsirrai, take wadatuwa da wajen kashi 30. Sai dai yawan furotin kaɗai ba ya bayyana ingancinsa, saboda shi furotin haɗuwa ce ta wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, waɗanda goma daga cikinsu jikin kifi ba ya iya ƙera su, dole sai ya same su a abinci. Biyu daga cikin goman nan, wato laisin da metiyonin, su ne suke yawan yin ƙaranci a kayan da aka samo daga tsirrai, kuma idan ɗaya ya ƙare, ginin tsoka yakan tsaya ko da sauran tara suna nan a wadace, kamar yadda magini yake tsayawa idan siminti ya ƙare ko da bulo ya cika fili. Furotin ɗin da ya rage a irin wannan hali jiki yakan ƙona shi, ya fitar da dattinsa cikin ruwa a matsayin ammoniya, wadda guba ce ga kifin.

Ƙarfin motsi da numfashi yana fitowa ne daga mai da sitaci, kuma amfanin sa su a abinci shi ne kada kifi ya ƙona furotin mai tsada don samun ƙarfin da masara mai araha za ta iya ba shi. Mai kamar kashi 8 zuwa 12 ya isa, domin idan ya wuce kima kitse yakan taru a cikin kifin, abin da masu busar da kifi ba sa so ko kaɗan. Sitaci kuwa tarwada ta fi narkar da dafaffe a kan ɗanye. Daga nan sai bitamin da ma'adinai, waɗanda kaɗan ake buƙata amma rashinsu yana da illa bayyananniya: ƙarancin bitamin C, alal misali, yana da alaƙa da tsagewar ƙoƙon kai da karkacewar ƙashin baya da ake gani a tarwadar tanki, fosfaras kuma dole ya zo ta abinci tunda ruwa ba ya ɗauke da isasshensa. Ana sayar da waɗannan a haɗe cikin wani gari da ake kira firimiks, kuma na kifi daban yake da na kaji.

Kayan haɗin da ke kusa

Ƙasar Zazzau ta yi dace da kayan haɗi, kasancewar tana tsakiyar yankin noman masara da waken suya, ga kasuwar hatsi ta Giwa a kusa, ga kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta daɗe tana fitar da ingantattun irin masara da gyaɗa da auduga. Daga cikin irin da ta fitar akwai masarar SAMMAZ 14, wadda laisin ɗinta ya fi na masarar gama-gari. Duk da haka masara abincin ƙarfi ce, furotin ɗinta kashi 9 zuwa 10 ne kawai, dusar alkama tana da wajen 15, dusar shinkafa wajen 12, kuma dukkan dusa tana da ƙaiƙayi mai yawa wanda cikin tarwada ba ya narkarwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa dusa, wadda ke ƙosar da tunkiya, ba ta girmar da tarwada.

Garin kifi shi ne mafi daraja a cikin kayan furotin, domin mai kyau yakan kai kashi 60 zuwa 65, amino asid ɗinsa ya yi daidai da buƙatar kifi, kuma ƙamshinsa yana jawo tarwada ga abinci. Wani kaso mai yawa na wanda duniya ke amfani da shi yana fitowa ne daga wani ƙaramin kifin teku da ake kamawa a gaɓar Peru, kuma tun durƙushewar kamun wannan kifi a 1972 masana suke neman abin da zai maye gurbinsa. A Nijeriya ana niƙa busassun ƙananan kifaye irin waɗanda ake kamawa a tafkin Kainji, da karyayyen busasshen kifi na kasuwa. Saboda tsadarsa, shi ne aka fi yi wa algus da yashi ko garin katako, wani lokaci har da takin yuriya, wanda ke ruɗar awon ɗakin gwaji, tunda abin da ake aunawa a can shi ne sinadarin naitirojin, sannan a ninka shi sau 6.25 a kira shi furotin. Mai saye yana iya zuba cokali ɗaya na garin a kofin gilashi mai ruwa, ya motsa, ya jira ɗan lokaci: yashi zai kwanta a ƙasa, garin katako kuma ya taso sama.

Waken suya shi ne mafi kyawun furotin a tsirrai, tunkuzarsa da kamfanonin mai ke fitarwa tana da kashi 44 zuwa 48, cikakken waken da ba a tatse mansa ba kuwa wajen 38. Yana da isasshen laisin amma metiyonin ɗinsa kaɗan ne, kuma ɗanyensa yana ɗauke da wani sinadari da ke hana hanji narkar da furotin, wanda zafi ne kaɗai ke kashe shi. Don haka wajibi ne a soya shi a kasko ana juyawa ba tsayawa har sai ya yi launin ƙasa-ƙasa mai haske, warin ɗanyen wake ya tafi, amma kada a bari ya yi baƙi, domin ƙuna tana lalata laisin ɗin da ake nema.

Tunkuzar gyaɗa kuwa, wato abin da ke ragewa bayan an matse mai, kaya ne da matan cikin birni suka fi kowa saninsa, kuma furotin ɗinta yakan kai kashi 45, sai dai ta gaza a laisin da metiyonin gaba ɗaya, shi ya sa ba a dogara da ita ita kaɗai. Ƙuli-ƙulin da aka riga aka toya ana iya niƙa shi, amma an fi son wanda ba a sa masa yaji da gishiri mai yawa ba. Haɗarin gyaɗa shi ne aflatoksin, gubar da wata fumfuna ke haifarwa idan gyaɗa ko masara ta sha laima. An gano wannan guba ne bayan 1960, lokacin da talotalo fiye da dubu ɗari suka mutu a Ingila sakamakon cin tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil, kuma a wajejen wannan lokaci aka ga ciwon hanta ya yaɗu a kifin da ake kiwo a Amurka saboda gurɓatacciyar tunkuzar angurya. Suya da dafuwa ba sa kawar da ita. Duk kayan da ya yi kore-kore ko yake warin ruma zubarwa ya kamata a yi, kuma ba daidai ba ne a ce tunda kifi ne zai ci babu komai.

Garin jini, wanda ake samu ta dafa jinin mahauta a busar a niƙa, yana da furotin wajen kashi 80 da laisin mai yawa, amma kifi ba ya son ɗanɗanonsa sosai kuma amino asid ɗinsa ba daidai suke ba, don haka ba a cika wuce kashi 5 zuwa 10 na haɗin ba. Tunkuzar angurya tana da wata guba mai suna gosifol, ita ma kaɗan ake sawa.

Lissafin haɗi

Kafin komai, haɗin abinci da sikeli ake yin sa, domin mudu yana auna cika ne, kuma mudun dusa da mudun masara nauyinsu ya sha bamban, alhali duk alƙaluman da aka ambata a sama na nauyi ne. Hanyar lissafi mafi sauƙi ita ce wadda ake kira murabba'in Pearson, inda ake raba kayan gida biyu, na furotin da na ƙarfi, a nemo matsakaicin kowane gida, sannan a gano rabon da zai kai ga abin da ake nema.

A ɗauka ana son abinci mai furotin kashi 40, kuma kayan da ke hannu su ne garin kifi mai kashi 60, tunkuzar waken suya mai 45, tunkuzar gyaɗa mai 45, da masara mai 10. Idan aka haɗa kayan furotin ukun daidai wa daida, jimillarsu 150 ce, a raba uku ya zama 50. Sai a zana murabba'i, a rubuta 40 a tsakiya, 50 a kusurwar hagu ta sama, 10 a kusurwar hagu ta ƙasa, sannan a ɗebe a gicciye: bambancin 40 da 10 shi ne 30, wanda ake rubutawa a dama ta sama a matsayin rabon kayan furotin, bambancin 50 da 40 kuma 10 ne, wanda ake rubutawa a dama ta ƙasa a matsayin rabon masara. Jimillar rabon 40 ce, saboda haka kayan furotin suna ɗaukar 30 cikin 40, wato kilo 75 a kowane kilo 100, masara kuma kilo 25. Kilo 75 ɗin nan idan aka raba shi uku, kowane ɗaya daga garin kifi da waken suya da gyaɗa ya samu kilo 25.

Lissafin bai ƙare nan ba, domin dole a bar wuri ga ƙananan kaya, wato mai da firimiks da garin ƙashi da ɗan gishiri da sitacin rogo mai ɗaure haɗin, waɗanda jimillarsu kan kai kilo 5 kuma daga kason masara ake cire su. Idan aka sake tantancewa, garin kifi ya ba da 15, waken suya 11.25, gyaɗa 11.25, masara kilo 20 ta ba da 2, jimilla 39.5, wanda ya yi kusa da abin da ake nema. Amma da a ce soyayyen waken gida mai kashi 38 aka sa a maimakon tunkuzar kamfani, jimillar za ta sauka zuwa 37.75, kuma man da ke cikin waken zai sa a rage man da ake ƙarawa. Wannan ya nuna cewa takardar haɗin da aka kwafo daga wani ba ta da amfani sai an san irin kayan da ya yi lissafinsa a kai. Murabba'in kuma furotin kaɗai yake daidaitawa, bai san laisin ko metiyonin ba, shi ya sa duk wanda ya rage garin kifi don sauƙin kuɗi ya kamata ya ƙara waɗannan biyun, waɗanda ake sayarwa a gari a shagunan kayan abincin kaji. Mai son tabbatar da ingancin kayansa yana da gata a Zariya, tunda ga jami'a, ga Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa a Shika, ga kuma NAERLS a Samaru, hukumar da aikinta shi ne isar da sakamakon bincike ga manoma.

Niƙa da kwaɓi da shanya

Ana niƙa kowane kaya ya yi laushi a tankaɗe shi, domin gari mai tsakuwa ba ya ɗauruwa kuma ba ya narkewa da kyau a cikin kifi. Ƙananan kaya irin firimiks ana fara cuɗa su da ɗan garin masara kafin a zuba cikin babban haɗi, in ba haka ba sai su taru a wuri ɗaya, wasu kifaye su samu da yawa wasu su rasa. Sannan a dama sitacin rogo da ruwan zafi, a bari ya huce kaɗan don kada zafi ya lalata bitamin, a kwaɓa haɗin da shi har sai dunƙulen da aka matse a tafin hannu ya tsaya bai wargaje ba kuma ruwa bai tsiyayo ta tsakanin yatsu ba. Daga nan a tura shi ta injin da ke fitar da shi siri-siri, a yanka daidai bakin kifin, daga milimita 2 ga ƙanana zuwa 6 ko 9 ga manya, a shanya a kan tabarma ko leda mai tsabta a wurin da iska ke ratsawa har sai ƙwayar ta karye da ƙara idan aka lanƙwasa ta. Da hunturu shanyar kan kammala da sauri, amma a watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, abincin da bai bushe ba yana yin fumfuna cikin 'yan kwanaki, don haka a lokacin kaɗan-kaɗan ake haɗawa, a ajiye buhu a kan katako nesa da bango.

Abincin gida nutsewa yake yi, saɓanin na kamfani wanda ake dafawa da tururi da matsi mai ƙarfi har ya kumbura ya riƙa yawo a saman ruwa. Tarwada tana cin duka biyun, amma mai yawo yana ba mai kiwo damar ganin abin da aka ci da abin da aka bari. Shawarar da ta fi dacewa ita ce a fara da na kamfani a makonnin farko, lokacin da kifin ke buƙatar ƙwaya ƙanana mai furotin mai yawa wadda ba ta haɗuwa a gida, sannan a koma na gida a hankali ana gauraya su na 'yan kwanaki.

Bambanci da jatan lande

Waɗannan ƙa'idoji su ne ake bi a kiwon jatan lande, wanda babbar sana'a ce a Ekwado da Indiya da Biyetnam da Sin, sai dai irin da ake kiwo don kasuwar duniya yana buƙatar ruwa mai gishiri-gishiri na bakin teku, shi ya sa a Nijeriya wurinsa shi ne gaɓar kudu. Furotin ɗin da yake buƙata ya yi kusa da na tarwada, tsakanin kashi 30 da 40 gwargwadon iri, amma jikinsa ba ya iya ƙera kolestarol, wanda yake buƙata don saɓa ɓawonsa yayin girma, don haka dole a sa masa shi a abinci. Haka kuma ba ya haɗiye ƙwaya lokaci ɗaya kamar tarwada, riƙe ta yake yi a ƙasan tafki yana gutsura a hankali, saboda haka abincinsa dole ya nutse kuma ya daɗe cikin ruwa bai wargaje ba. Abin da ya shafi mai kiwo a Zariya kai tsaye shi ne busassun ƙananan jatan landen da ake kira kirefish, waɗanda ake kawowa daga wurare irin Oron a jihar Akwa Ibom: ɓarɓashinsu da ke ragewa a gindin buhu yana da ƙamshin da ke jawo tarwada, amma yawancinsa ɓawo ne mai wuyar narkewa, don haka kaɗan ake sawa kuma ba ya maye gurbin garin kifi.

Ciyarwa da auna sakamako

Yawan abincin yini ana ɗaure shi ne da nauyin kifin, wajen kashi 5 cikin ɗari ga ƙanana, yana sauka zuwa 3 sannan 2 yayin da suke girma. Tanki mai kifi 500 da kowanne ya kai giram 200 yana ɗauke da kilo 100, kashi 3 na wannan kuwa kilo 3 ne, wanda ake rabawa safe da yamma, kuma duk mako biyu a ɗebi kaɗan a auna don a gyara lissafin, a ware manya daga ƙanana tunda tarwada tana cin 'yar'uwarta. Kifi jikinsa yana bin zafin ruwa ne, tarwada ta fi ci da girma tsakanin digiri 26 da 30, kuma a Disamba da Janairu, lokacin da darare ke yin sanyi sosai a Zariya, cinta yakan ragu ƙwarai, don haka a rage abincin a kuma jinkirta na safe har rana ta ɗumama ruwan. Abincin da aka zuba ba a ci ba asara biyu ce, domin ga kuɗinsa, ga kuma ruwan da ya ɓata, wanda a cikin birni samunsa da wuya, zubar da shi kuma ta kwatar lungu yake bi ta ƙofar maƙwabta.

Ma'aunin da ke raba gardama tsakanin abinci da abinci shi ne yawan kilon da aka ciyar kafin kifi ya ƙara kilo ɗaya. A matsayin misali kawai, abincin da kilonsa yake naira 1,500 kuma kilo 1.2 nasa ke samar da kilon kifi ya ci naira 1,800, yayin da wanda kilonsa yake naira 1,000 amma sai an ciyar da kilo 2 ya ci naira 2,000, ban da ƙarin makonnin jira da ƙarin canjin ruwa. Wannan awo ba ya yiwuwa sai mai kiwo yana da littafin da yake rubuta abincin kowace rana da nauyin kowane awo.

Aikin ɗalibi

Ɗalibi ya yi amfani da murabba'in Pearson ya fitar da haɗin kilo 50 mai furotin kashi 35, daga garin kifi mai kashi 60 da soyayyen waken suya mai 38 waɗanda aka haɗa ɗaya bisa biyu, da masara mai kashi 10, sannan ya tambayo farashin kowane kaya a kasuwar da ta fi kusa da shi, ya lissafa abin da kilo ɗaya na haɗin zai ci tare da kuɗin niƙa da na dako.